Baffanmu da Barikin da Inji Ya Ƙi Karɓa

Baffa ya rasu da damina, ranar wata Laraba da hantsi, a gidansa na Jos Jarawa. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Na faɗa da bakina, an faɗa mini har na daina ƙirgawa, amma har yanzu in na zo wucewa ta ƙofar zaurensa sai ƙafata ta hau birki da kanta, ina jiran a leƙo a tsare ni da tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a zaman makokin shi ne, kusan duk wanda ya zo, in ya yi addu'a aka shafa, sai ya gyara zama ya kawo labarin wata tambaya da Baffa ya taɓa yi masa. Wani mahauci daga Abatuwa, ƙato, idanunsa jajur, ya ce, "Malam bai taɓa sayen nama ya wuce ba. Sai ya ji saniyar daga wace ruga ta fito, rugar ta wane arɗo ce, arɗon kuma wane hakimi yake bi. Ni da na saya a kara, ina zan sani? Wallahi har na koma ina tambayar dillalai, don kada ya zo ya same ni ba amsa." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan mutuwa, kowa yana kallon tabarma.

Wani abokin aikinsa, Kirista ne daga ƙauyukan kan dutse, ya zo da kwat ya zauna a takure. Ya ce, "Baba ya tambaye ni sunan ƙauye na kaka nawa, ban sani ba. Ya ce in je gida in tambaya. Na je, oga. Tsohuwa ya yi kuka, ya ce ba wanda ya taɓa tambaye shi." Daga nan ya ciro hankici.

A cikin gida kuwa Umma, matarsa, tana hawaye tana gaya wa mata cewa ko a gadon asibiti sai da ya titsiye likita ya faɗa masa garinsu da sunan unguwarsu, sannan ya yarda ya miƙa hannu a yi masa allura.

Ganin haka na ce bari in rubuta abin da na sani, tun kafin kowa ya tafi da nasa labarin ya ɓace. Ni ɗan ƙanensa ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a hannun Baffa na tashi. Ya so in yi boko, ni kuma kaina ya ƙi ɗauka, na zama direba, ina kwaso kabeji da karas da dankalin turawa daga gonaki zuwa kasuwar Farin Gada. Bai taɓa yi mini gori ba. Abin da ya yi ya fi gorin ciwo: ya mai da motata tasa. Ran Lahadi da sassafe sai in ji sallama, ga shi tsaye da rigar sanyinsa mai maɓallai, fensir a bayan kunne, yana cewa, "Ɗana, za mu ɗan leƙa wani wuri." Bai taɓa tambaya ko ina da lodi ba, shi da ke tambayar komai.

Aikinsa zanen taswira ne a ofishin safiyo, tun zamanin Turawa. Da fensir yake komai. In aka miƙa masa biro sai ya ce, "Wannan na masu tabbaci ne, ni ban kai can ba tukuna." Ba shi da faɗa, amma yana da naci, irin nacin da ke sa mutum ya gwammace a zage shi a wuce wurin.

Bayan an ƙirƙiro sababbin jihohi an sake yanka ƙananan hukumomi, sai aka kawo musu wani aiki da ba su taɓa gani ba. Wata Asabar na shiga gidan na tarar ya kwashe samirun Umma, waɗannan masu shiga cikin juna, ya baje su a tsakar gida. Umma na tsaye riƙe da ludayi, miya ta nuna ba mazubi.

Ya ce, "Zo ka gani. Wannan babbar ita ce jiha. A cikinta ƙaramar hukuma. A ciki gundumar hakimi, sai ƙasar dagaci, sai unguwa." Yana faɗa yana jefa ƙarama cikin babba. "Kowace tana da lamba, lambar ƙarama kuma da ta babbarta take farawa. In ka ga lambar unguwa, ka san duk waɗanda ke samanta. Mutanen unguwanni in an tara dole su zo daidai da na dagaci, na dagatai su zo daidai da na hakimi, har sama. In aka sami ƙaramar da ba ta cikin kowace babba, injin ba zai karɓa ba."

Na ce, "Wane inji, Baffa?"

"Kwamfuta. Yana Ikko, ban taɓa ganinsa ba. An ce ɗaki guda ya cinye, kuma sai an kunna masa sanyi yake aiki. Da Jos aka kawo shi da an huta."

Umma ta ce, "Malam, in ka gama mulkin jihar ka ba ni ƙaramar hukuma in zuba miya."

Ya ba ta, amma sai da ya ƙarasa bayaninsa. Kowane wuri, komai ƙanƙantarsa, yana da kati ɗaya kamar tafin hannu, wanda ake hudawa da wani keken bugu. A jikin hujin akwai lambar wurin, da sunansa, da wasu lambobi biyu masu nuna inda yake zaune, ɗaya an auno daga yamma ɗaya daga kudu, sai yawan maza da mata da yara. A jera katunan a kwali bisa tsari, babba a gaba ƙanana na binsa, a kai Ikko. Injin ya karanta ya zana taswira da kansa, inda mutane suka yi yawa ya yi baƙi. Da wannan taswirar ne za a zaɓi wuraren da za a haƙa rijiyoyin burtsatse. Ni dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda abin da ba shi da ido zai yi zane. Baffa ya ce shi ma abin da ke hana shi sukuni ke nan, yana faɗa yana murna kamar an yi masa albishir.

Watanni suka yi suna wannan aiki. Kwali ya tafi, kwali ya dawo, da doguwar takarda mai layi ɗaya na ƙorafi. Kati guda injin ya tofar, kuma katin Bariki ne.

Bariki shi ne asalinmu. Tsohon sansanin ma'aikatan kuza ne a kudu da gari, yana da suna a takarda amma mu a gida Bariki kawai muke cewa. Can kakanmu ya sauka da ya zo leburanci, can aka haifi Goggo, babbar yayarsu, da Baffa, da mahaifina. Kamfani ya kwashe kuzarsa ya tafi, ya bar manyan ramuka cike da koren ruwa. 'Yan gidaje ne suka rage, yawanci tsofaffi da jikoki, suna noman tumatir a bakin ramukan. Wannan ruwan suke sha. Goggo tana can, mijinta ya rasu, an yi an yi ta dawo gari ta ƙi. Duk zuwan da zan yi sai na tarar da wani yaro kwance da ciwon ciki.

A zamanin kamfani Bariki bai taɓa bin wani dagaci ba. Helumansu, wato shugaban leburori, ke tara haraji ya kai ofishin kamfani. Da kamfanin ya tafi sai suka zauna haka nan, ba kowa a samansu. Baffa ya san da wannan sarai. Da na tambaye shi me ya sa ya aika katin da gurbin dagaci a buɗe, sai ya sosa ƙeya ya ce, "So na yi in ga abin da injin zai yi." Kun ji halin mutumin.

Ogansu saurayi ne mai ladabi, ya yi karatu a waje, Baba yake ce masa. Baffa ya ba ni labarin yadda suka yi. Ogan ya ce, "Baba, tsohuwar takardar iyaka ta ce rafi ne ya raba dagatan biyu na yankin, na gabas da na kan dutse. Bariki yana gabas da rafi. A sa shi ƙarƙashin dagacin gabas, a huda kati, shi ke nan." Baffa ya ce haka takarda ta ce, ba musu. Amma masu haƙa rijiya in sun zo, ƙofar dagaci suke fara tsayawa. In ya ce bai san da waɗannan mutane ba, juya motarsu za su yi, lamba kuma ba za ta tare su ba. Ogan ya ga gaskiyarsa, ya ba shi zuwa ƙarshen wata. Ya ce in bai kawo dagacin da ya amsa da bakinsa ba, cire katin za a yi, don ba zai riƙe jiha guda saboda unguwa ɗaya ba. Baffa bai ga laifinsa ba, ni ma ban gani ba.

Lahadi muka kama hanya. Muna dab da Bariki ya ce in tsaya a wani busasshen kwari da ciyawa ta rufe, inda na sha wucewa ban ko kalla ba. Ya fita, ya gangara, ya tsuguna yana tona ƙasa da yatsa har ya fito da duwatsu masu santsi.

"Ɗana, ina rafi?"

"Yana can bayan gidaje, Baffa."

"A'a. Muna yara nan muke wanka."

Ashe kamfani ne ya tare rafin ya juya shi ta ɗaya gefen don wankin kuza. Lokacin da aka rubuta takardar iyaka, ruwan ta gabas da Bariki yake bi. Yanzu ta yamma yake bi. Bariki bai motsa ba, rafin ne ya tsallake shi. Baffa ya tsaya a cikin kwarin yana dariya shi kaɗai, yana kallon nan yana kallon can, wandonsa duk ƙaya. Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin matsala irin haka ba.

Daɗin bai daɗe ba. Dagacin gabas ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce iyakar da ya gada ita ce tsohon rafi, don haka mutanen Bariki na kan dutse ne. Muka hau dutse. Dagacin can ya tsufa ƙwarai, ɗansa ke riƙe da al'amura, shi kuma ya ce rafi shi ne inda ruwa yake, kowa na gani, don haka na gabas ne. Ba ƙiyayya ba ce. Duk wanda ya karɓi Bariki ya karɓi ramukan nan, da duk yaron da zai faɗa ciki, da duk rigimar da za ta biyo baya. Ko ni ne sai na yi tunani.

Muka sauko gidan Goggo da la'asar. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, na kalli launinsa na ce na ƙoshi. Baffa kuwa ya hau ba ta labarin rafi biyu, yana zana su a ƙasa da tsinke, murya har rawa take don sha'awa. Goggo tana jinsa tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba. Can ta ajiye faifan.

"Kai abin nan wasa ne a wurinka."

"Haba Yaya."

"Wasa ne mana. Ka zo da fensirinka ka ga abin mamaki, ka koma gari ka sha ruwan famfo. Jikar maƙwabciyata da muka binne bara, rafi nawa ta sani?" Ta nuna shi da tsinken zogale. "Ka san sunan kakar kowa a Jos. Ka tambayi mahauta, ka tambayi direbobi. Ka taɓa tambayata wa ya haƙa kabarin uwarka?"

Na sunkuyar da kai, na rasa inda zan sa kaina. Tun da nake ban taɓa jin an yi wa Baffa magana haka ba. Lokacin da kakarmu ta rasu yana can kudu wurin koyon aiki, sai bayan an yi sadakar bakwai ya iso. Duk shekara yana zuwa kabarin, ya tsaya ya yi addu'a ya juyo, amma bai taɓa buɗe baki ya tambayi yadda aka yi ba. Yanzu na gane tsoron amsar yake yi.

Can a hankali ya ce, "Wa ya haƙa, Yaya?"

Goggo ta ce ranar ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Filin Bariki duk na haƙa ne, an hana binne kowa a ciki, tsohuwar maƙabartar kuma ruwa ya shanye ta. Mazan Bariki suka tsaya da gawa ba su san inda za su nufa ba. Sai mutanen kan dutse suka sauko, mutanen da ba addininsu ɗaya ba, kakarmu Inna dai suka sani saboda ƙosan da take sayar musu ran kasuwa. Suka yanki gefen gonar accarsu suka bayar, samarinsu suka karɓi diga suka taya haƙa. Daga ita sai aka ci gaba da kai sauran mamatan Bariki can.

Baffa ya ce, "Ni duk zatona filin Bariki ne."

"To ba shi ba ne."

Baffa ya miƙe. Ya cire fensirin daga bayan kunne ya jefa aljihu, ya ce in tashi mu koma sama. Wannan karon ya roƙi ɗan dagacin ya bar shi ya gai da tsohon da kansa. Aka bi da mu ta wani lungu mai shingen ƙyarana, muka same shi zaune a kan dutse yana jin ɗumin rana, ya lulluɓa da bargo, idanunsa sun yi fari. Baffa ya tsuguna, ya faɗi sunan mahaifiyarsa, ya ce godiya ya zo yi, ko da yake ta yi latti ƙwarai. Bai ambaci kati ba, bai ambaci inji ba.

Tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe. "Kai ne yaro na mai ƙosai? Wanda ya tafi makaranta? Mama naka yana ƙasa namu. Ni na riƙe diga ranar, ruwa yana dukan mu." Ya juya wajen ɗansa ya yi masa magana da yarensu, ɗan ya amsa, da alama labarin zuwanmu na farko yake ba shi. Tsohon ya yi tsaki. Ya koma Hausa don mu ji. "Matattu nasu mun karɓa. Masu rai ne za mu ce ba mu sani ba? Rubuta su a wurina."

A hanyar dawowa Baffa bai yi mini tambaya ko ɗaya ba, har muka shigo gari. Na yi ta satar kallonsa. Tausayinsa ya kama ni, har na ji ina kewar nacin.

Aka huda sabon kati, lambar Bariki ta fara da ta dagacin kan dutse, aka ƙara mutanensa cikin jimillar can, lissafi ya hau har sama ba gardama. Da taswirar ta dawo Baffa ya aro ta kwana ɗaya muka kai wa Goggo. Faffaɗar takarda ce mai huji a gefe da gefe, duk zanen da haruffa aka yi shi, an buga wani kan wani. Jos ta yi baƙi ƙirin. Bariki kuwa ɗigo ne guda, sai an ƙura ido. Goggo ta goge hannu a zani ta ɗora yatsa a kai.

"Mu ke nan?"

"Ku ke nan, Yaya."

"Duk wahalar nan a kan kashin ƙuda." Amma ba ta ɗauke yatsan ba sai da ya ce za ta ɓata takardar mutane.

Rijiyar ba ta zo da wuri ba. Rani ya wuce, Baffa ya yi ritaya, ciwon ƙirjin da yake ɓoyewa ya kwantar da shi. Duk ranar da na je gaishe shi, kafin in zauna zai ce, "Sun je?" In ce ba su je ba. Har na fara zullumin shiga ɗakin. Sai da damina ta kankama, wata safiya na kai lodi wajen, na hango babbar motar masu haƙa rijiya tsaye a ƙofar dagacin kan dutse, ɗansa a gaba yana nuna musu hanyar gangarowa.

Ranar da ruwa ya fito, an riga an sallamo Baffa daga asibiti, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta. Goggo, wadda ta sha rantsuwa ba za ta shiga motata ba wai ina gudu kamar mahaukaci, ita ta aiko a kira ni. Ta zauna a gaba da jarkar ruwan sabuwar rijiyar a cinya, ta rungume ta har Jos, ko a bayan mota ba ta yarda an sa ba.

Umma ta tallafo kansa, Goggo ta ba shi a cokali. Ya haɗiye da ƙyar. Ya buɗe ido ya dube ta, muryar can ƙasa.

"A ina aka haƙa? Gabas da tsohon rafi, ko yamma?"

"Sha ruwa ka ƙyale ni da tambaya." Ta ƙara masa cokali ɗaya. Sannan ta ce, "Gefen gonar acca. In ka tsaya a bakinta kana hango Inna."

Ya ce, "To, madalla." Ya lumshe ido.

Washegari da hantsi ya cika. Goggo ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙofar ɗakin da jarkar a gabanta, duk wanda ya miƙo hannu zai ɗauke don a sami hanya sai ta girgiza kai. Da liman da masu wanka suka iso, ta miƙe da kanta, ta kinkimo ta ta ajiye a gabansu.

Ta ce, "Da wannan za ku yi masa. Shi ya kawo shi."

Da shi aka yi masa. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mutanen Bariki. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.